Godiyar Da Timothy Ya Ƙi Yi

Shafi na 14

Salama gare ku masu bibiya. Na ga ƙorafinku a kan jinkiri. Shafin nan ne ya yi mini nauyi a hannu, ku karanta shi a natse.

*

Lydia na tsugune tana fifita gawayin dutsen guga ta ji sallama a ƙofa. Ba sai ta ɗaga kai ba. Tun da mijinta Timothy ya dawo, babu ranar da wannan muryar ba ta zo gidan ba.

"Shigo, Sa'adiyya."

Halimatus Sa'adiyya ta shigo, ta tsaya daga gefen randa, inda ta saba tsayawa.

"Ina wuni, Maman Mary?"

"Lafiya lau. Ya gida, ya yara?"

"Lahiya lau. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Allah shi ƙara sauƙi."

Sai ta hau murza bakin mayafinta. Can ta ce, a hankali, "Har yau bai ce komi ba?"

Lydia ta girgiza kai.

Shekara uku ke nan, tun zamanin soja, da wasu mutane a farar mota marar lamba suka ɗauke Timothy a ƙofar makarantar da yake koyarwa. Bayan 'yan kwanaki suka je unguwar Kambarawa suka ɗauki mijin Sa'adiyya, Malam Siddiq kafinta, a cikin shagonsa. Laifinsu ɗaya ne: sun tsaya wa ƙananan 'yan kasuwar da aka rushe wa rumfuna a bayan Babbar Kasuwa. Ba a kai su kotu ba, ba a faɗi inda aka kai su ba. Da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula aka fara sakin mutane, sai ga Timothy ya dawo, a rame, yana jan ƙafar hagu.

Shi kaɗai ya dawo.

"Ni ba wani abu nike so ba," in ji Sa'adiyya. "Shi gaya mani ko da rai ya baro shi. Ɗiyana suna tambayata, ban san mi zan ce masu ba."

"Zan sake yi masa magana."

"Na ji an ce gobe kuna da biki a coci."

"Hidimar godiya ce."

"To. Allah shi sa a yi lahiya."

Ta juya ta fita. Lydia ta bi bayanta da kallo. Da matar ta zage ta da ya fi mata sauƙi.

Labulen ɗaki ya motsa. Timothy ne tsaye, riƙe da sandarsa. Ashe duk ya ji.

"Ajiye gugar nan," ya ce.

"Rigarka ce ta gobe, Baban Mary."

"Ajiye. Ki sa takalmi ki raka ni majami'a. Dattawa suna zama yanzu."

Ta dubi fuskarsa. Rabon da ta ga idonsa tsaye haka tun kafin a tafi da shi. Ta juye gawayin a murhu.

*

Harabar majami'ar da ke Ƙofar Kaura cike take. Matasa na kafa rumfuna, mawaƙa na gwaji, matan zumuntar coci sun kewaye manyan tukwane suna yankan albasa. Da suka hango su, aka hau tafi.

"Ga ango, ga amarya."

"Maman Mary, gobe sai kin yi mana rawa."

Lydia ta yi murmushin da bai wuce leɓe ba. Ta san kowace fuska a cikinsu. Ta san waɗanda suka canja benci lokacin da ta zauna kusa da su a shekarar farko, ta san wadda ta hana ɗiyarta zuwa wasa wurin Mary.

Timothy bai tsaya ba. Kai tsaye ya nufi ƙaramin ɗakin da ke bayan bagade, wurin tsayuwar mai wa'azi.

Mutum biyu suka tarar a ciki. Fasto Ishaya, dattijo mai furfura wanda ya ɗaura musu aure, da Dattijo Sule, babban ma'aikacin gwamnati, mai magana da yawun dattawan ikilisiya.

Fasto ya miƙe da fara'a.

"Ɗana, ka fito da ƙafar nan? Ai da ka aiko. Zauna, zauna. Lydia, 'yata, sannu da ƙoƙari."

"Sannu, Baba."

Aka gaisa, aka tambayi jiki, aka tambayi Mary da makaranta. Dattijo Sule ya gyara zama.

"Gara da ka zo. Komai ya kammala. Bayan wa'azi za ka fito da iyalinka, ka yi shaida a taƙaice. A taƙaice fa, don muna da manyan baƙi. Sababbin zaɓaɓɓu za su zo. Ka gode wa Allah, ka gode wa hukuma, shi ke nan."

"Ba zan fito ba," in ji Timothy.

Daga waje ana jin mawaƙa suna maimaita layi ɗaya.

"Ban ji ka ba," in ji Sule.

"Na ce ba zan tsaya gaban bagade gobe ba."

Fasto ya sa hannu a kafaɗarsa. "Jikin ne? In tsayuwa ce, sai a sa maka kujera."

"Ba jiki ba ne, Baba. Mu biyu aka ɗauka. Godiyar mutum ɗaya kuka shirya."

Sule ya ja numfashi.

"Malam Timothy, mun san zancen kafintan nan, kuma muna tausaya wa iyalinsa. Amma ba ɗan ikilisiya ba ne. Yana da danginsa, yana da limaminsa, yana da mutanen unguwarsu."

"Sun yi nasu. Sun je ko'ina, an kore su."

"To mu me za mu yi?"

"A kira sunansa gobe a gaban manyan baƙin. Ranar Litinin kuma ikilisiya ta tashi gaba ɗaya, da Fasto a gaba, mu raka matarsa mu tambayi inda aka kai shi. Yanzu ai an ce mulkin jama'a ake yi."

"Jiya jiya aka rantsar da su. Ba ka san abin da gobe za ta kawo ba. Mu baƙi ne a garin nan, ɗan'uwa. Zaman lafiyar da muke yi, da kame baki muka same shi."

Timothy ya nuna ƙasa da sandarsa.

"Bencin da kake zaune a kai, Dattijo, wa ya yi shi?"

Sule ya dubi bencin.

"Siddiq ne ya yi shi. Duk bencinan cikin majami'ar nan shi ya yi su, lokacin da wasu kafintoci suka ƙi karɓar aikin. Ranar bai ce mu baƙi ne ba."

"Wannan sana'a ce."

Lydia ba ta yi niyyar magana ba. A gaban dattawa ba ta taɓa ɗaga murya ba. Amma sai ta ji bakinta ya buɗe da kansa.

"Dattijo, shi Timothy ɗan ikilisiya ne ko?"

"Wace irin tambaya ce wannan, Maman Mary?"

"Don na tuna. Da farko kuna kiran sunansa a addu'a kowace Lahadi. Daga baya ya koma ɗan'uwanmu da ke cikin wahala. Daga baya ya koma waɗanda ba sa tare da mu. Sai wata Lahadi na saurara har aka ce amin, ban ji komai ba."

"Akwai ma'aikatan gwamnati a cikinmu. Ana sa ido."

"Na sani. Ban riƙe kowa ba. Amma ban manta ba. In ban da Baba Fasto da ke leƙo mu da ɗan hatsi, da ban san ina da ikilisiya ba. Sa'adiyya ce ke kwana da ni lokacin da Mary ta yi ƙyanda."

Fasto Ishaya ya sunkuyar da kai.

"Abin da ya wuce ya wuce," in ji Sule. "Ƙila ma yana nan da rai. Har yanzu ana sakin mutane. Mu yi haƙuri mu..."

"Ya rasu."

Timothy ne ya faɗa, ba tare da ya ɗaga murya ba.

Lydia ta juya ta dube shi. Ta lalubi bango ta zauna a bakin benci.

"Baban Mary..."

"A damina ta biyu. Zazzaɓi ne, ga ƙirjinsa da suka lalata. Na buga ƙofa har hannuna ya kumbura, ba wanda ya zo."

Ya gyara riƙon sandarsa.

"Da ya ji abin ya zo, sai ya ce, Timoti, juya ni gabas. Ɗakin ba taga. Ban san ina ne gabas ba. Na tuna ta inda bangon ke fara ɗumi da safe, na juya shi can. Na riƙe kansa a cinyata. Ya yi kalmar shahada da bakinsa, ni kuma ina tawa addu'ar a zuci. Har yau ban sani ba ko daidai na juya shi."

Timothy ya ɗago kai ya ci gaba.

"Da gari ya waye suka ɗauke shi a bargo. Ban san inda suka binne shi ba. Abin da nake so a tambaya ke nan. A nuna wa matarsa kabari. Ta yi takaba, ta san matsayinta. Yaransa su san inda za su tsaya su yi wa ubansu addu'a."

Hawaye na zuba a fuskar Lydia, ba ta share ba.

"Kullum tana zuwa," ta ce. "Kullum tana tsayawa gefen randa. Kana ciki kana jin ta. Me ya sa ba ka gaya mata ba?"

"Don in na gaya mata za ta yi mini tambaya ta biyu."

"Wace tambaya?"

"Yadda aka yi suka san da shi."

Ya jingina sandarsa da bango. Ya dubi ɗakin, daga rufi har ƙasa, kamar yau ya fara ganin sa.

"Ni kowa ya san ni. Ni ke magana a fili, ni na je gidan rediyo. Amma ba wanda ya san a shagon Siddiq ake taruwa. Sun dake ni a kan haka, ban faɗa ba. Sai wata rana da rana tsaka aka buɗe ƙofa aka jefo shi."

"Wataƙila cikin 'yan kasuwar ne wani ya yi magana," in ji Sule.

"Haka na zata. Har ranar da mai yi mini tambayoyi ya zaunar da ni, ya ba ni ruwa, ya ce ashe kai mai addu'a ne. Sai ya rufe ido ya haɗa hannu yana kwaikwayona. Ya ce, ya Uba, ka tsare bawanka Siddiq, wanda ya buɗe shagonsa ga waɗanda aka zalunta, ko da yake ba ya kiran sunanka yadda muke kira."



"Kalma ɗaya bai canja ba," in ji Timothy. "Addu'ata ce. A ɗakin nan na yi ta, Larabar ƙarshe kafin a kama ni. Na durƙusa a nan, gaban wannan teburin. Mu uku ne a ciki, ƙofa a rufe."

Ya dubi Sule. Ya dubi Fasto.

"Mu ukun nan."

A waje wani ya fashe da dariya, ana jan ƙarfen rumfa a ƙasa.

"Shekara uku ina kwana da wannan," ya ci gaba. "Da bakina na miƙa shi. Na kawo sunansa gaban Allah, wani ya ɗauka ya kai wa mutane. Tun ranar ban ƙara yin addu'a da murya ba. Maman Mary tana ganin kamar na bar bangaskiya. Ban bari ba. Tsoro nake ji."

Lydia ta miƙe. Ba ta san lokacin da ta isa gaban Dattijo Sule ba.

"Kai ne."

"Maman Mary, ki natsu."

"Kai ne. Wata nawa da kama shi aka ƙara maka girma? Wa ya fara cewa a daina kiran sunansa? Ina gaishe ka a kasuwa kana juya kai kamar ba ka gan ni ba."

"Ki iya bakinki."

"Na iya shi shekara uku. Ka dube ni ka ce ba kai ba ne."

Sule ya miƙe a hankali. Ta zata zai yi faɗa. Sai ta ji ya sauke murya.

"Ni na ce a daina kiran sunansa, gaskiya ne. Tsoro na ji, ina da yara a makaranta. Wannan zan amsa shi gaban Allah. Juya kai kuma da nake yi, ba raini ba ne. Kunya ce."

"Kunyar me?"

Ya juya wajen tebur.

"Na yi shiru saboda ikilisiya. Na bari ana nuna ni da baki a unguwa, ban ce komai ba. Amma ba zan ɗauki jinin mutum a kaina ba. Fasto, za ka faɗa, ko in faɗa?"

Lydia ta juya.

Fasto Ishaya na zaune, hannayensa biyu a kan tebur. Bai ɗago ba.

"Baba?" ta ce. "Me yake nufi?"

"Ni na goya ka a babur," in ji Sule. "Ni na ajiye ka a ƙofar gidan jami'an tsaron nan mai dogon bango, na jira ka a ƙarƙashin dalbejiya. Da ka fito ka ce mini an gama, za a sake shi."

"Ya isa, Sule."

Muryar Fasto ta dushe, kamar ba ita ce ke cika majami'a ranar Lahadi ba. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Na je ne in roƙa. Allah shaida, roƙo ya kai ni. Na ce musu malamin makaranta ne, yana da mata da ƙaramar yarinya. Suka ce ba shi suke so ba, wanda ke tara mutanen suke so. In na faɗa, kafin Lahadi yana gida."

"Sai ka faɗa," in ji Timothy.

"Na ce ban sani ba. Suka ce to in je in shirya jana'iza."

"Sai ka faɗa."

"Sai da na sake komawa na faɗa. Suka ce ta ina na sani, ko ƙarya nake yi don in ceci nawa. Sai na maimaita musu addu'ar."

Ya ɗago idanunsa, sun yi jajir.

"Kai ɗana ne, Timothy. Ni na yi maka baftisma. Aka sa mini rai biyu a gaba, na zaɓi tunkiyar garkena. Na ce wa kaina shi ɗan gari ne, yana da mutane, za su fito da shi. Ban san za su riƙe ku duka ba. Ban san..."

"Ka ci gaba da ba da jibin Ubangiji, kana miƙa wa masu bi gurasa mai tsarki."

"Na ci gaba."

"Ka ci gaba da kai wa matata hatsi."

Fasto ya rufe fuska da hannu.

Lydia ta ja da baya. Ta tuna buhunan da yake saukewa a ƙofarta, yadda take durƙusawa tana godiya, yadda take ɗiba ta aika wa Sa'adiyya da yaranta. Ashe abin da suke ci ke nan.

"Baba," ta ce, "wa ya sa ka? Wa ya ce ka sayi mijina da ran mijin wata?"

Tsohon ya sauke hannunsa. Ya daɗe yana kallon ta, kallon da ba ta gane ba, ba na fushi ba, ba na roƙo ba.

"Ke kike tambayata, Lydia?"

"Ni nake tambaya."

"Kafin in koma wurinsu karo na biyu, gidanki na biya. Kina zaune a ƙasa, Mary na kuka a bayanki. Na ce miki akwai hanya, amma za ta taɓa wani. Kin tuna abin da kika ce mini?"



Ta tuna. Ta tuna sanyin siminti a gwiwarta, ta tuna yadda ta riƙe bakin rigarsa da hannu biyu. Ba ta tambayi wane ne ba. Ba ta so ta sani ba.

"Kin ce ko wane ne, Baba," in ji Fasto. "Kin ce ko wane ne, ka dawo mini da shi."

Sule ya koma ya zauna, ya dafe kai.

Lydia ba ta ga kowa ba sai Timothy. Ya saki bangon da ya dafa, ya juyo gaba ɗaya, da ƙafar da ba ta ɗaukar sa, ya tsaya yana fuskantar ta.

"Lydia."

Rabon da ya kira ta da sunanta tun kafin a haifi Mary.

"Dube ni. Gaskiya ya faɗa?"